TSIBIRAN YAURI: YADDA AKE MULKIN ƘASAR DA RUWA YA RABA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, a filinmu na labarin ƙasa na wannan fitowa za mu bar tudu mu shiga ruwa. Mu mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura mutanen tudu ne. In hakimi yana neman dagaci, sai ya tura ɗan aike a kan keke ko mashin, kafin azahar ga dagaci ya iso. To, amma akwai wata ƙasa a cikin Arewar nan tamu inda wani dagacin ba ya amsa kiran hakimi sai ya shiga kwalekwale. Wannan ƙasa ita ce Yauri, a Jihar Kebbi. Za mu ga yadda Allah Ya shimfiɗa ta, da yadda ake mulkinta, da darasin da ke ciki a gare mu.

MENE NE TSIBIRI?

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina, gabas da yamma, kudu da arewa. Akwai tsibirin teku, akwai na tafki, akwai na kogi. Wasu ƙasashen duniya ma gaba ɗayansu tsibirai ne, kamar Indunisiya, wadda take da tsibiri fiye da 17,000, kuma Musulmi ne mafi yawan mutanenta. A ƙasar Yuganda akwai wata gunduma mai suna Kalangala, wadda tsibirai 84 ne a cikin Tafkin Biktoriya aka haɗa su ƙarƙashin hukuma ɗaya.

A ƙasar Yauri kuwa, tsibirin da ke tsakiyar kogi ana ce masa gungu. Ku riƙe wannan kalma, za mu dawo kanta.

INA YAURI TAKE?

Yauri tana kudancin Jihar Kebbi, a bakin Kogin Kwara, wanda ake kira Neja. An ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, wato rana ɗaya da jiharmu ta Jigawa; ka iya cewa tagwaye ne. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar: Haɗeja, Kazaure, Gumel, Ringim da Dutse. Kebbi kuma tana da ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru. Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yauri mai hedikwata a Yelwa, da Ngaski mai hedikwata a Wara, da kuma Shanga.

Shi Kogin Kwara daga duwatsun ƙasar Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi iyakar Binin, sannan ya shigo Nijeriya. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 4,180. Da ya iso ƙasar Yauri sai ya buɗe, ya rarrabu reshe-reshe, ya bar gungu-gungu a tsakani.

Wani abin mamaki, kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko da damina ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan saman da aka yi a nan kusa. Wannan ruwa yana zuwa da laka, shi ya sa ake ce masa farin ruwa. Cika ta biyu da sanyi take zuwa, daga wajen Disamba, lokacin da mu nan ko ɗigo ba a yi. Ruwan daminar Gini ne, ya yi wata da watanni yana tafiya, ya bazu a fadamun Mali, lakarsa ta kwanta, ya iso garau. Shi ake kira baƙin ruwa. Tsarki ya tabbata ga Allah: ruwan da ya sauka a wata ƙasa mai nisa, shi manomin Yauri yake jira da hunturu.

MUTANEN GUNGU

Mutanen da suka daɗe da zama a kan waɗannan tsibirai Hausawa suka sa musu suna Gungawa, wato mutanen gungu. Su kuwa suna kiran kansu Bareshe, kuma suna da harshensu, ko da yake yau da yawansu Hausa suke yi. Tare da su a ƙasar akwai Shangawa da Lopawa da Kambari da Dukkawa da Fulani da Hausawa, da Sarkawa gwanayen su.

Bagunge manomi ne kuma masunci. Da damina ya shuka gero da dawa da shinkafa, da rani ya yi lambun albasa a gefen ruwa. Albasar Yauri ta yi suna tun da daɗewa. Kwalekwale a wurinsa kamar jaki ne ko amalanke a wurinmu: da shi ake zuwa gona, da shi ake cin kasuwa, da shi ake kai amarya.

Yauri tsohuwar masarauta ce, tana cikin waɗanda masu tarihi ke lissafawa a Banza Bakwai. Tsohon birninta shi ne Birnin Yauri. A ƙarni na 19, da yaƙin basasa ya rikita ƙasar, sai da sarauta kanta ta ƙetare ruwa ta zauna a tsibirin Ikum, don ruwa ganuwa ne da doki ba ya tsallakewa. A 1888 ne Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da fada Yelwa, inda take har yau. Kun ga ke nan a zamanin yaƙi tsibiri mafaka ne. A zamanin zaman lafiya kuwa, ruwan nan da ya hana abokin gaba isowa shi ne ke hana malamin makaranta da malamin asibiti isowa.

DA AKA TARE KOGI A KAINJI

A 1964 Gwamnatin Tarayya ta fara gina madatsar ruwa a Kainji, kudu da Yauri, domin samar da wutar lantarki. Aka gama a 1968. Da aka tare kogin, sai ruwa ya taru ya koma baya, ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130, bakinsa na arewa yana wajen Yelwa.

Ruwan ya cinye gonaki da garuruwa da tsibirai masu yawa. Babban tsibirin Foge, wanda yake cike da ƙauyuka da gonaki, akasarinsa ya nutse. Tsohon garin Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a ruwa a 1806, shi ma ya nutse, aka gina Sabuwar Busa. Mutum fiye da 40,000 aka tayar aka sake musu matsuguni a kan tudu.

Ku tsaya ku yi tunani kaɗan. A ce an wayi gari an ce wa mutanen ƙauyenku su tashi, gonar kakanninku da masallacinku da maƙabartarku duk za su koma ƙarƙashin ruwa. An ba su sababbin gidaje, gaskiya ne, amma wanda ya saba noman bakin kogi ya sami kansa a jigawa, dole ya koyi rayuwa daga farko. Wutar da ta haskaka manyan birane, waɗannan bayin Allah suna cikin waɗanda suka biya kuɗinta da ƙasarsu.

WA KE MULKIN RUWA?

A nan ne gizo ke saƙar. A kan tudu iyaka a fili take: ga kuka, ga dutse, ga rafi, daga nan gonar wane ta ƙare. A cikin ruwa kuwa ba a kafa turke. Kogin da tafkin su suka raba Jihar Kebbi da Jihar Neja a wannan yanki. Ƙetaren Yauri da Ngaski akwai ƙananan hukumomin Agwara da Borgu na Jihar Neja. Mutum zai shiga jirgi a Zamare yana Kebbi, ya sauka a Rofiya yana Neja.

Hukumomi huɗu ne suke da hannu a wannan ruwa:

1. Gwamnatin Tarayya. Ita ke da iko da manyan hanyoyin ruwa na ƙasa, ta hannun hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, mai hedikwata a Lokoja. Ita ke sa dokar jirage: hana lodin da ya wuce kima, hana tafiyar dare, da wajabta rigar kariya daga nutsewa.

2. Gwamnatin jiha, mai kula da manyan makarantu da asibitoci da hanyoyin da ke kaiwa bakin ruwa.

3. Ƙaramar hukuma, wato ciyaman da kansilolinsa, kamar yadda aka tsara tun gyaran 1976. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni, da rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Har ma ya ambaci ba da lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale. Ashe kwalekwale ma yana cikin tsarin mulki!

4. Masarauta: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. A ƙasar ruwa akwai ƙari, wato Sarkin Ruwa, shugaban masunta da matuƙa jirage. Shi ya san inda ruwa ke da zurfi, da inda kututturen itace ke ɓoye, shi ake fara kira in jirgi ya kife. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, abin da mutum huɗu suka mallaka, in ba a yi hankali ba sai ya zama ba na kowa ba, kowa ya ce aikin wancan ne.

WAHALAR MULKIN TSIBIRI

A takardar taswira ƙauyen gungu yana kusa da hedikwata. A ƙasa kuwa ba haka ba ne, don nisan tsibiri ba da kilomita ake auna shi ba, da samun jirgi ake auna shi. Buhun siminti da za a gina aji da shi sai an ɗauke shi sau uku: a mota, a jirgi, a ka. Mai allurar rigakafi sai ya yi hayar jirgi. Mace mai naƙuda in abin ya zo da gardama cikin dare, tsakaninta da asibiti akwai ruwa da duhu. Malamin da aka tura gungu, in ba mai tsoron Allah ba ne, sai a riƙa ganinsa jefi-jefi. 'Ya'yan masunta kuma suna bin iyayensu duk inda kifi ya yi. Saboda irinsu ne aka faɗaɗa aikin hukumar ilimin makiyaya, wadda aka kafa a 1989, ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura.

Mafi ciwo shi ne asarar rayuka. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage ya nutse kusa da Wara, tsakanin Neja da Kebbi. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abubuwan da suka saba jawo irin wannan sanannu ne: tsufan jirgi, lodi fiye da kima, tafiya cikin duhu ko hadari, kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, da rashin rigar kariya. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfin hukuma da jama'a in an haɗa kai.

Don haka ma'aunin adalcin shugaba a irin wannan ƙasa ba ginin sakatariya ba ne. Ma'aunin shi ne: shin aikinsa ya ƙetare ruwa? Yaron gungu da yaron Yelwa haƙƙinsu ɗaya ne, kuma shugabanci amana ce da za a tambayi mai ita ranar gobe, har a kan ƙauyen da bai taɓa takawa ba.

DARASI GARE MU

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Mu ma muna da dam a Kazaure, muna da rafuka da kududdufai. Da damina ta yi nisa, ƙauyuka nawa ne a ƙasarmu ruwa ke yanke musu hanya su zama kamar gungu har sai ya janye?

Kuma a nan maƙwabtanmu, a ƙaramar hukumar Bagwai ta Jihar Kano, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari ɗauke da mutanen da suka taso daga Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Yara ne kamarku, da littattafansu da sababbin kayansu. Allah Ya jiƙansu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, kada ku shiga jirgin da ya cika, ko da kowa ya shiga. Kada ku shiga ruwa bayan magariba ko in hadari ya taso. In an ba ku rigar kariya ku sa, ba ragwanta ba ce. Ya ku iyaye da malamai, in za a ƙetare da yara, a raba su sahu-sahu, gara a makara da a rasa. Kuma a riƙa tuna wa kansila da dagaci maganar gada da kwalbati tun da rani, ba sai ruwa ya ci mutum ba. Ajali na Allah ne, babu shakka, amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi.

TAMBAYOYI

1. Mene ne gungu, kuma su wane ne Gungawa?
2. Faɗi bambancin farin ruwa da baƙin ruwa.
3. Lissafa hukumomi huɗu masu hannu a ruwan Yauri.
4. Tambayi mahaifinka ko dagacinku: wane ƙauye ne a ƙasarku ruwa ke yanke wa hanya da damina, kuma wa ya kamata ya gyara?

Allah Ya kiyaye matafiyanmu na tudu da na ruwa, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya ba mu ilimi mai amfani, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.