Ɗalibi, Daga Ina Ka Samo Wannan Magana?

Duk wanda ya taɓa kai saniya kasuwa a ƙasar Runka ya san abin da dillali ke fara tambaya: ta wane ne, daga ina kuma aka koro ta? Irin tambayar ke nan da malami ke yi wa ɗalibin da ya miƙa masa kundin kammala karatu, ko a Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ko a Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin cikin 2011. Wanda ya kwashi maganar wani ya ɗora sunansa a kai ya yi satar fasaha, hukuncinta kuwa yakan kai ga soke aikin, wani lokaci har da kora.

Waɗansu ɗalibai na tsammanin Turawa ne suka ƙago wannan ƙa'ida don su wahalar da mutane. Ko kusa. Cikin 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, ba don kome ba sai don ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu a gabansu, tun daga mahaifinsa, da wansa Shehu Usmanu, har ya zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru, tare da littattafan da ya karanta a wurinsu. Malaman Hadisi kuwa ba su karɓar magana sai da isnadi, watau wane ya ji daga wane. To, in Abdullahin Gwandu da zurfin ilminsa bai ga kasawa ba wajen faɗin inda ya sha, ina dalilin ɗan aji uku na ɓoyewa?

A ganina, sakaci ya fi mugun nufi jawo wannan ɓarna. Ɗalibi zai kwafi sakin layi a laburare ko a intanet, bai rubuta inda ya samo ba, bayan wata uku ya tarar da shi cikin takardunsa ya ɗauka nasa ne. Maganin abin shi ne, tun ran da ka ɗebo, ka rubuta sunan mawallafi, da na littafin, da shekarar bugu, da lambar shafi. In kalmominsa ka ɗauko, ka sa su cikin alamar zancen wani. In kuwa ra'ayinsa ne ka faɗa da bakinka, duk da haka sai ka ambace shi. Sauya kalma biyu ko uku ba ya halatta abin, haka nan juya shi daga Turanci zuwa Hausa ba ya mai da shi naka.

Kada a ce in an karɓi takardar shaida magana ta wuce. Cikin 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙasar Jamus ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaro, Karl-Theodor zu Guttenberg, saboda kwafe-kwafen da aka gano a kundinsa, har ya sauka daga muƙaminsa.

Akwai kuma haƙƙin da aka fi takewa a nan wajenmu, watau na mutanen da ba su rubuta kome ba. Ɗalibi zai zo gida hutu, ya zauna gaban dattijo a Runka ko Batsari, a kwashe yini ana ba shi tarihin gari da na dajin Rugu, sa'an nan ya koma makaranta ya zuba shi cikin kundi kamar shi ya gani da idonsa. Wannan dattijo shi ma malami ne. In ya yarda, a rubuta sunansa, da shekarunsa, da garin da aka yi hirar, da ranar da aka yi ta.