Yanyawa: Rayuwarta da Amfaninta a Gona

Gabatarwa

Ya kai manomi, idan kana noma a jigawar Potiskum, Nangere ko Fune, mai yiwuwa ka taɓa ganin ramuka masu baki da yawa a gefen gona, da ƙananan sawaye irin na ɗan kwikwiyo. Sau da yawa aikin yanyawa ke nan. Mutane kan kashe ta bisa zargin satar kaji, alhali amfaninta ga gona ya fi ɓarnarta.

Kamanninta

Yanyawa dangin kare ce, masana kuma na kiranta Vulpes pallida. Ana samunta a ƙasashen Sahel, daga Senegal har zuwa Sudan. Launinta irin na rairayi ne, cikinta fari-fari, kunnuwanta manya, kan jelarta baƙi. Nauyinta daga kilo 2 ne zuwa 3 da rabi. Kada ka haɗa ta da dila. Dila ya ninka ta girma, yana kuma iya kama ɗan akuya, abin da ya fi ƙarfin yanyawa.

Wurin Zama da Haihuwa

Yanyawa na zama iyali-iyali a cikin rami. Tsawon ramin kan kai mita 15, zurfinsa mita 2 zuwa 3, ta kan kuma shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ciki. A nan take wuni don gudun zafin rana, sai magariba ta yi ta fito kiwo. Macen na ɗaukar ciki na kwana 51 zuwa 53, ta haifi 'ya'ya 3 zuwa 6, ta yaye su bayan mako 6 zuwa 8.

Abincinta

Binciken da aka gudanar a kan kashinta a yankin Termit na Jamhuriyar Nijar ya nuna cewa ƙwari ne mafi yawan abin da take ci. Tana cin fara, gara da buzuzu, haka nan ɓeraye, ƙadangaru, ƙwan tsuntsaye da guna. Daga wannan abinci take samun ruwan da jikinta ke bukata, shi ya sa take jure rani. Ka lura cewa fara da ɓera su ne ke yi maka ɓarna a gero, wake da gyaɗa, tun daga shuka har zuwa rumbu. Duk yanyawar da aka kashe, an rage mai gadin gona ne wanda ba ya neman lada.

Shawarwari

Gaskiya ne yanyawa kan ɗauki 'yan tsaki ko ƙwai idan ta same su a fili. Amma rigakafi ya fi magani:

1. Ka gina akurki mai ƙarfi, ka rufe kaji da zabi kafin magariba.
2. Ka binne gindin wayar shinge cikin ƙasa, ka daɓe akurkin, domin yanyawa gwanar tono ce.
3. Kada ka sa guba a nama. Guba na kashe karnuka da ungulu, tana kuma jefa yara cikin haɗari.
4. Kada ka ƙona daji ko ka tone ramin da ke nesa da gida.
5. Ka yi wa karenka allurar rigakafin haukan kare kowace shekara. Idan dabbar daji ta ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti nan take.

Malamin gona kuma ya taimaka wa manoma su duba sawu kafin su yanke hukunci, domin sau da yawa muzuru, tunku ko karen gida ne ya yi ɓarnar. Don ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona ko likitan dabbobi mafi kusa.