Hular da Ba Ta Je Idi Ba

Duk wanda ya saba shiga gidajen Unguwar Dosa da ke Kaduna da la'asar a watan Sha'aban ya san abin da zai tarar: mata da 'yan mata a tsakar gida, kowacce da ƙyallen hula a cinya, allura na shiga tana fita. Aikin Sallah ke nan ya kankama. In muna son gane irin ɓarnar da annobar korona ta yi wa wannan sana'a a 2020, sai mun bi hular tun daga tushe.

Hula ɗaya hannu da yawa take ratsawa. Mai zane ne ke fara fitar da fasalinta a kan farin yadi. Sai mai ba da aiki, wanda shi ke zuba jari, ya sayo zare ya kai wa mai ɗinki. Ita kuwa tsakanin girki da raino take samun sararin zama, shi ya sa hula mai cikakken aiki takan ci makonni, wata ma ta haura wata guda. In ta gama, a haɗa wa hular kai, a miƙa wa mai wanki ya sa mata sitati, ya kifa ta a kan gungume ta sha rana. Bayan duk wannan ne take isa hannun ɗan kasuwa. Abin lura a nan shi ne, kuɗi ba ya dawowa sai a matakin ƙarshe. Jarin da aka zuba tun a Rajab, sai goman ƙarshe na azumi ake ganin ribarsa.

To, sai mu ɗora kwanakin annobar a kan wannan lissafi. Ranar 26 ga Maris 2020 gwamnatin Kaduna ta kafa dokar hana fita ba dare ba rana, ba a sassauta ta sosai ba sai a watan Yuni, bayan kwana 75. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, aka yi ƙaramar Sallah ranar 24 ga Mayu. Wato kakar masu hula gaba ɗayanta ta faɗa cikin kulle. An rufe Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kasuwannin wucin gadi da aka buɗe a unguwanni kuwa na abinci ne. Hanyar Kano ma an toshe ta, ga shi daga Kantin Kwari ake saro yadi da shadda.

Amma a ganina rufe kasuwa bai kai soke taro illa ba. Ba don rana ko sanyi mutum ke sayen hula mai tsada ba, don shiga jama'a yake saye. Filin idi, wurin ɗaurin aure da hawan Sallah su ne baje kolin mai ɗinki, ko da ita ba ta taɓa leƙa su ba. A can ne wani zai hango sabon zane a kan abokinsa, ya matso ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan?" Daga wannan tambaya ake samun aikin baɗi. A waccan Sallah ba a fita idi a Kaduna ba, sarakunan Zazzau da Kano da Katsina ba su yi hawa ba, don haka masu aikin babbar riga na birnin Zariya, masu aska takwas da malum-malum, su ma ta shafe su. Aure kuwa sai a ɗaura shi da mutane ƙalilan, ba ango da abokai masu anko. Hajjin shekarar ma Saudiyya ta taƙaita shi ga mazauna ƙasarta.

Tela mai keke ya ɗan sami mafita, domin da aka wajabta sa takunkumi sai ya koma ɗinka shi da ragowar atamfa. Mai ɗinkin hannu ba ta da wannan dama, kuma ita ce ta fi ba ni tausayi. Mai ba da aiki ya ce ta yi haƙuri sai kaya sun fita, zubin adashi ya tsaya, kuɗin da take tarawa na kayan ɗakin 'yarta ya tafi a cefane.

Wasu matasa sun koma tallar huluna a WhatsApp da Instagram, kuma dabarar ta zauna har yau. Sai dai wanda ya san hula ba ya yarda da hoto. Yakan karɓe ta a hannu, ya juya cikinta ya duba yadda zare ya kwanta, ya shafa da ɗan yatsa ya ji ko akwai gurbin da allura ta tsallake, sannan ya kafa ta a ka, ya tambayi na kusa da shi ko ta zauna.