2.4 Matsalar Hasashen Tafiyar Ruwa a Ƙasar Kast

Wannan sashe zai yi bayani a kan dalilin da ya sa hasashen tafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa yake da wuya a ƙasar kast. Kalmar kast ta samo asali ne daga sunan tudun Kras da ke tsakanin Sulobeniya da Italiya. Masana na amfani da ita ga ƙasar da dutsenta ke narkewa cikin ruwa, musamman dutsen farar ƙasa, wato irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato domin yin siminti. Ruwan sama kan haɗu da iskar kabon dayoksaid ya zama asid mai rauni. Sannu a hankali sai ya riƙa cin tsagogin dutsen har su zama magudanai da kogwanni.

Galibin lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa an gina shi ne a kan dokar da injiniya Bafaranshe Henry Darcy ya fitar a shekarar 1856, bayan gwajin da ya yi da yashi a birnin Dijon. Dokar ta dace da ruwan da ke tsatsafowa a hankali ta ƙananan kafofi. To amma a ƙasar kast ruwa na tafiya iri biyu ne: wani yana ratsa jikin dutse a hankali, wani kuma yana kwarara da gudu cikin magudanai.

Misali a nan shi ne kogin Danub a kudancin Jamus, wanda ruwansa ke nitsewa cikin dutse kusa da garin Immendingen. A shekarar 1877 Adolf Knop ya zuba gishiri da rini a wurin. Bayan kimanin sa'o'i 60 sai suka ɓulla a marmaron Aachtopf mai nisan kusan kilomita 12, wato gudun kimanin mita 200 a sa'a guda. Bugu da ƙari, wannan marmaro yana kai ruwansa ne ga kogin Rayin. Ke nan gangaren da ido ke gani a doron ƙasa bai nuna inda ruwan ƙarƙashi ya nufa ba.

Saboda haka masana suka ɓullo da samfurin lissafi iri biyu. Na farko yana lissafa tafiyar ruwa a jikin dutse daban, ta magudanai daban, sannan ya auna musayar da ke tsakaninsu. Rauninsa shi ne sai an san inda magudanan suka bi. Na biyu yana kwatanta ruwan saman da aka yi da wanda marmaro ya fitar kawai. Yana da sauƙi, sai dai ba ya nuna hanyar da ruwan ya bi.

Kuskure a wannan fage na iya jawo asarar rai. A shekarar 2000, ƙwayoyin cuta daga kashin shanu sun shiga wata rijiyar garin Walkerton a Kanada, aka kuma samu sakaci wajen sa wa ruwan magani. Mutum 7 suka rasu, fiye da 2,000 suka kwanta ciwo. Gwajin rini da aka yi daga baya ya nuna ruwan ya fi hasashen samfurin kwamfuta gudu nesa ba kusa ba.

A taƙaice, bai kamata a dogara ga samfurin lissafi kaɗai wajen shata iyakar kare rijiya a ƙasar kast ba, har sai gwajin rini da awon marmaro sun tabbatar da shi.