Sabon Harsashin Amurka Da Bindigar Tokar Maharbinmu

A watan Janairun 2025 kamfanin Federal na Amurka ya fito da wani harsashin farauta mai suna 7mm Backcountry. Ƙarfin tunkuɗar albarushinsa ya kai fam 80,000 a kan kowane inci murabba'i, alhali harsasan farauta da aka saba da su ba sa wuce 65,000. Mai karatu ya tuna cewa iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika haura fam 35 ba. Asirin yana cikin kwanson harsashin, wanda aka ƙera da wani ƙarfe na musamman maimakon tagulla, domin tagulla ba za ta jure wannan matsi ba. Kamfanin SIG Sauer ya riga shi da .277 Fury, mai gindin ƙarfe da jikin tagulla, wanda sojojin Amurka suka zaɓi ɗan'uwansa a 2022.

Abin a yaba ne, babu shakka: harsashi mai nauyin kusan giram 11 ya fita daga gajeren bututu da gudun da ya zarce mita 900 a daƙiƙa guda. To amma don wa aka yi shi? Don mai bin manyan namun daji a tsaunuka, wanda ke harbi daga nisan ɗaruruwan mita.

Maharbin da ya fito daga Palladan ko Samaru da rani kuwa, zomo yake nema, ko gafiya, ko makwarwa, a tazarar da jifa ma kan iya kaiwa. Harsashin da ya kuskure abin hari yakan yi tafiyar kilomita da dama, kuma a nan ko ina aka juya akwai gona, ko ruga, ko gidajen mutane, ga jiragen Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama suna tashi suna sauka. Doka ma ba ta bar ƙofar a buɗe ba, domin lasisin irin wannan bindiga sai daga Sufeto Janar na 'yan sanda, yayin da na bindigar toka ke hannun Kwamishina.

Tsorona ba ya kan harsashin kansa, wanda da wuya ya iso Sabon Gari ta halastacciyar hanya. Yana kan saurayin da zai ga bidiyonsa a waya, ya ɗauka cewa ƙarfi a yawan albarushi yake, ya ɗura wa bindigar toka ninkin abin da ubansa ke zubawa. Bututun da maƙeri ya samo daga famfon ruwa ko sandar sitiyarin mota bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Idan ya fashe, yatsun hannun hagu ne ke fara tafiya, sannan ido.

Sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta na ƙasar Zazzau su ne masu faɗa a ji a wannan sana'a. Kafin gangar farauta ta tashi a ranin bana, ya kamata su zauna da maƙera, su tsayar da ma'aunin albarushi ga kowane irin bututu, su kuma hana yaron da bai ƙware ba ɗura bindiga shi kaɗai.