Rediyon Cikin Kwamfuta: Ƙarar Murya Daban, Jin Magana Daban

Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa rediyo da asuba ana neman BBC ko Muryar Jamus a gajeren zango ya san kama tasha daban, jin abin da take faɗa daban. Allura tana kan tashar, muryar tana nan, amma kalmomin sun narke cikin shuuu. Wannan matsala har yau ita ke hana masu rediyon sha'awa barci. Su ne mutanen da hukuma ke ba lasisi da lambar kira, su riƙa zantawa da juna ta iska daga wata ƙasa zuwa wata, ba don neman kuɗi ba. Lambar ɗan Nijeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar kuwa da 5U. Matsalar tana nan yadda take, kayan yaƙi da ita ne suka sauya.

A tsohon akwatin rediyo, kowane aiki da ƙarfensa. Akwai sashen da ke tace sigina, akwai mai rage masa mita, akwai mai fitar da murya daga cikinsa, kuma yadda kamfani ya ƙera su haka za su zauna har su mutu. Sabon salon da ake kira SDR ya kwashe yawancin waɗannan ayyuka ya ɗora wa manhaja. Abin da eriya ta kamo sai a mayar da shi lambobi, sau miliyoyi a daƙiƙa ɗaya, daga nan lissafi ya karɓi aikin. Wanda yake son matatar sigina mai faɗi ko matsattsiya ba ya buƙatar dalma da sukundireba, lamba kawai zai sauya a allo.

Injiniyan Amurka Joseph Mitola ne ya yayata wannan tunani a farkon shekarun 1990. A 2002 Gerald Youngblood ya fara jerin maƙalu a mujallar QEX yana nuna yadda mai sha'awa zai haɗa irin wannan rediyo da kwamfutar gidansa, a 2003 kuma kamfaninsa FlexRadio ya fitar da SDR-1000. Abin ya kai ga talaka a 2012, lokacin da masu bincike suka gano cewa wata 'yar na'urar kallon talabijin mai araha, wadda ake soka wa kwamfuta, mai ɗauke da guntun RTL2832U, tana iya miƙo ɗanyen sigina. A 2016 kamfanin Icom ya shigo kasuwa da IC-7300, akwati mai maɓallan murɗawa irin na da, amma cikinsa lissafi ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a SDR shi ne ana ganin iska da ido. Allon yana zubo launuka daga sama zuwa ƙasa, kowace tasha da zanenta. Mai aika saƙon Morse siririn layi ne mai yankewa. Mai magana ɗan zirin haske ne da ke kumbura idan ya buɗe baki, ya ɓace idan ya yi shiru. Wanda ya cika wa na'urarsa wuta fiye da kima kuwa, za ka ga zanensa ya fantsama hagu da dama ya shiga gonar maƙwabta. Mai son gani ba sai ya sayi komai ba. Tun 2008 Jami'ar Twente ta ƙasar Holan take da irin wannan rediyo a intanet, mutane da yawa suna murɗa shi a lokaci guda, kowa da tashar da yake saurare.

To da me ake auna nagartar irin wannan rediyo? Mutane sukan ɗauka wanda ya fi jin sigina mai rauni shi ne gwani. A gajeren zango ba nan gizo ke saƙar ba, domin hayaniyar da eriya ke kwasowa daga sama da unguwa ta riga ta fi ta cikin akwatin. Jarrabawar gaskiya ita ce ya ji mai rauni alhali wani ƙato yana ihu a gefensa, kamar ka tsinci raɗar abokinka kuna tsaye kusa da injin niƙa. Rob Sherwood na Amurka ya shafe shekaru yana gwada rediyoyi a kan haka, yana ajiye sigina mai ƙarfi a tazarar kHz 2 kacal. Na sahun gaba a jadawalinsa suna haura desibel 100, wato bambancin ƙarfi ninki biliyan 10.

A SDR wannan juriya ta rataya ne a kan sashen da ke mayar da sigina lambobi. Da bit ake auna wannan sashe, kuma kowane bit da aka ƙara masa yana ba da kusan desibel 6. 'Yar na'urar nan mai araha bit 8 gare ta, IC-7300 yana da 14, manyan rediyoyi suna da 16. Idan sigina ya fi ƙarfin sashen, sai tashoshin ƙarya su bayyana ko'ina a allo. Maganin yakan ba sabon shiga mamaki: rage ƙarfin abin da ke shigowa ake yi, nan take sai allo ya washe. Wata hayaniyar kuma daga cikin gida take. Na sha ganin allo ya cika da layuka a jere, da an kashe inbatar sola ko an zare wata cajar waya sai su ɗauke, muryoyin da suka binne su fito.

Yanzu ga batun murya. Yawancin hirar nesa da salon watsa murya da ake kira SSB ake yin ta, kuma hanyar da aka ba murya a nan matsattsiya ce, daga wajen Hz 300 zuwa 2,700, ba ta ma kai faɗin layin tarho ba. Cikin wannan ɗan fili za a cusa maganar mutum. Kaurin murya, wanda ke ƙasa da Hz 500, shi ke cin mafi yawan wuta, amma ba shi ke bambance kalmomi ba. Abin da ke sa kunne ya raba "t" da "k", ko "s" da "f", yana can sama, daga Hz 1,000 zuwa gaba, kuma ba shi da ƙarfi sosai. Mai rediyon wat 100 da ya cika muryarsa da kauri ya ƙona rabin wutarsa a kan gurnani. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Nan ikwalaiza ke shigowa. A manhajar SmartSDR ta FlexRadio akwai 'yan sanduna takwas da ake ja sama ko ƙasa: Hz 63, 125, 250, 500, sai kHz 1, 2, 4 da 8. IC-7300 kuma ya ba da zaɓin faɗi uku, mai faɗi daga 100 zuwa 2,900, matsakaici daga 300 zuwa 2,700, matsattse daga 500 zuwa 2,500. Marigayi Bob Heil, maƙerin makirufo da ya rasu a 2024, ya daɗe yana wa'azin a ɗaga wajen kHz 2.5 don kalmomi su fito. Ni dai shawarata a fara da ragewa kafin ƙarawa. A sauke 63 da 125 sosai, a ɗan rage 250, a ɗaga kHz 2 da desibel uku ko huɗu, sannan a tsaya. Wanda ya tura dukkan sandunan sama bai gyara komai ba, ƙara kawai ya yi, kuma ma'aunin ALC, mai lura da ƙarfin muryar da ake aikawa, zai nuna masa ya wuce iyaka.

Babu saiti ɗaya da ya dace da kowa. Mai kakkaurar murya da mai siririya ba za su ja sanduna iri ɗaya ba, haka makirufo ya bambanta da makirufo. Hirar dare da abokai a zangon mita 40, inda sigina ke da ƙarfi, tana ɗaukar murya mai ɗan kauri da daɗin ji. Kiran tasha mai nisa a zangon mita 20 cikin cunkoso yana son murya matsattsiya mai kaifi, ko da ba ta yi daɗi a kunne ba. Alherin SDR shi ne kowane saiti ana adana shi da sunansa, a kira shi da dannawa ɗaya. Mutum kuma yana iya naɗar muryarsa daga wani rediyon intanet da ke nesa, ya ji kansa yadda duniya ke jin sa, abin da ya fi dogaro da abokin da zai ce "kana fita lafiya" don kunya.

Ɓangaren saurare ma haka ne. A matse matata zuwa faɗin muryar da ake bi, a yanke ƙasan da ke gurnani, a sa matatar da ke cire fito idan wani yana fito a kan zangon. Manhajar rage hayaniya tana taimakawa, amma idan aka cika ta sai muryar ta koma kamar daga cikin ruwa take fitowa, kuma kowane ƙarin lissafi yana jawo ɗan jinkiri tsakanin iska da kunne.

Mai son shiga wannan harka ya fara da saurare, ya koyi karanta allo, ya ɗaga eriyarsa nesa da wayoyin gida tun kafin ya yi tunanin sayen babban akwati. Watsa magana kuwa sai da lasisi. Ranar da ya samu, ya tuna cewa wanda ke ɗaya gefen ba daɗin murya ya zo ji ba, lambar kira da saƙo yake son ɗauka tun a karon farko.