Shekara 21 ta cika, takarda ta mutu: halin da ƴaƴan Indiyawa ke shiga a Amurka

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa Dubai sarin kaya ya san Ba'indiye. Shi za ka tarar a kantin yadi, shi ne a wurin canjin kuɗi, sau da yawa kuma shi zai ɗaure maka kayanka ya rubuta maka takardar jirgi. Babu ƙasar da ta kai Indiya yawan mutane a ci-rani: Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta su kusan miliyon 18 a shekarar 2020, kuma tun 2022 kuɗin da suke aikawa gida ya wuce dalar Amurka miliyar 100 a shekara. Wannan kowa na ganinsa. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, to ƴaƴansu fa? Yaron da aka ɗauko daga Indiya ya zo ya zauna wurin uwa da uba, da wace takarda yake zaune, kuma har zuwa yaushe?

Amsar ita ce, takardar yaron ba tasa ba ce. A rataye take jikin ta mahaifinsa, kuma tana da ranar mutuwa. Inda abin ya fi tsanani shi ne Amurka, don haka can za mu fara kai ku.

Takardar uba, takardar ɗiya

Mu ɗauki misali. Wani injiniyan kwamfuta daga birnin Haidarabad ya samu aiki a Amurka a 2010. Bizar da ake ba irinsa sunanta H-1B, wadda dokar 1990 ta ƙirƙiro domin ƙwararrun ma'aikata. A shekara ana ba da sababbi 65,000, da ƙarin 20,000 ga waɗanda suka yi babban digiri a jami'o'in Amurka, kuma a ƴan shekarun nan kimanin kashi 70 cikin ɗari na masu samun ta Indiyawa ne.

Mutumin nan yana da mata da ɗiya mai shekara 6. Su biza mai suna H-4 za a ba su, wato bizar mabiya. Kafin tafiya sai an yi wa yarinyar fasfo nata, wanda a Indiya na ƙaramin yaro shekara 5 kawai yake yi, sai an kawo takardar haihuwa mai nuna sunan uwa da uba, da takardar auren iyaye, da shaidar aikin mahaifin.

Da farko komai daɗi. Yarinyar za ta shiga lakwal ta gwamnati kyauta kamar ɗiyar kowa, daga furamare har ta gama lise, ba a neman ta da wata bizar ɗalibi. Harshenta ya koma Turancin Amurka, ƙawayenta ƴan can ne, Indiya kuwa sai hutu. Ƙanenta da aka haifa a can a 2012 fasfon Amurka gare shi. To amma ita dokar H-4 ta ce ɗa shi ne wanda bai yi aure ba kuma bai cika shekara 21 ba. Ranar da ta cika 21, a idon doka ta daina zama ɗiyar gidan, ko da kuwa a ɗaki ɗaya take kwana da ƙanenta. Dama Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Layin da ba ya motsi

Mai karatu zai ce, shekara 15 ai ta isa uba ya samu takardar zama ta dindindin, wadda suke kira girin kat, iyalinsa su samu tare da shi. Ga ɗan wata ƙasa haka ne. Ga Ba'indiye kuwa, a nan gizo ke saƙa.

Amurka na ba da katin nan ta hanyar aiki guda 140,000 a shekara, kuma mata da ƴaƴa a cikin wannan adadi ake ƙirga su. Sannan doka ta ce ƴan ƙasa ɗaya ba za su wuce kashi 7 cikin ɗari ba, wato wajen 9,800, sai fa in wasu ƙasashe sun bar saura. Ku ɗauka ana rabon hatsi a unguwa, aka ce kowane gida tiya ɗaya: gidan mutum uku tiya ɗaya, gidan mutum ɗari shi ma tiya ɗaya. Indiya ita ce gidan mutum ɗarin.

Sakamakon haka layi ya yi tsawo har ba a hango ƙarshensa. A 2023 cibiyar bincike ta Cato da ke Washinton ta ƙiyasta cewa mutum miliyon 1 da dubu 800 ke jiran katin ta hanyar aiki, fiye da miliyon 1 daga cikinsu Indiyawa, kuma ta ce Ba'indiyen da ya shiga layi a lokacin, in rabon bai sauya ba, jiransa zai iya haura shekara 100. A tsakiyar 2025, waɗanda ake kira a manyan layuka biyu na ƙwararrun Indiya su ne waɗanda suka ajiye takardunsu a farkon 2013. Injiniyanmu in a 2014 ya ajiye tasa, to ɗiyarsa ta cika 21 a 2025 yana nan tsaye a layi. Shi ana ci gaba da sabunta masa biza domin yana cikin masu jira. Ita kuwa an cire ta daga layin baki ɗaya.

Ƙiyasin da ake yawan ambatawa a majalisar dokokin Amurka ya ce yara fiye da 200,000 ne ke cikin wannan hali ko ke fuskantarsa, kuma ƴan asalin Indiya suna da yawa ƙwarai a ciki.

Bizar ɗalibi, mafita mai tsada

Ƙofar da ta fi kusa ita ce bizar ɗalibi, mai suna F-1. Yarinyar da ta girma a ƙasar sai ta koma ɗalibar waje, daidai da wanda ya sauka daga jirgi jiya. Ba ita kaɗai ba ce a wannan sahu: a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ɗaliban Indiya fiye da 330,000 ne a jami'o'in Amurka, har suka zarce na Sin.

Sai jami'a ta karɓe ta, ta ba ta takarda mai suna I-20. Sai ta biya dalar Amurka 350 na rajistar ɗaliban waje, wajen jikka 200 ke nan na sefa. In za ta je a buga mata bizar a fasfo, akwai wata dala 185. Dalar Amurka fa muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Sai iyaye sun nuna kuɗin karatu da na ci na shekara guda a ajiye. A jami'o'in jihohi, kuɗin da ɗalibin waje ke biya yakan ninka na ɗan jiha sau biyu ko uku, kuma ba shi da rabo a tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Aiki kuwa, a lokacin karatu awa 20 ne a mako, a cikin harabar jami'a.

Ana iya sauya takarda daga H-4 zuwa F-1 ba tare da an fita ƙasar ba. Amma ranar da ta fita, ko gaisuwar rasuwa ta je yi Indiya, ba za ta dawo ba sai ta bi ta ofishin jakadancin Amurka a Niyu Delhi, ko ƙananan ofisoshinsa na Mumbai, Cennai, Haidarabad da Kolkata. A can ne tarko yake. Doka ta ce mai neman bizar ɗalibi sai ya gamsar da ma'aikaci cewa yana da gida a wata ƙasa, kuma zai koma bayan karatu. To yarinyar da uwarta, ubanta, ƙanenta da duk ƙawayenta ke Amurka, wane gida za ta nuna a Indiya?

Ko ta tsallake wannan, ba a gama ba. Bayan digiri ana ba ta wata 12 ta yi aiki, da ƙarin wata 24 in kimiyya, fasaha ko lissafi ta karanta. Daga nan sai wani kamfani ya nema mata H-1B, irin wadda ubanta ya shigo da ita, kuma ta hanyar ƙuri'a ake fitar da sunaye domin masu nema sun ninka guraben. In ta dace, sai ta je ƙarshen layin katin dindindin ta tsaya, layin da ubanta bai gama ba. In ba ta dace ba, sai ta sake shiga wani karatun, ko ta haɗa kayanta.

Doka ta taɓa, ba ta warkar ba

Ba wai hukumomin Amurka ba su san da matsalar ba. A 2002 shugaba Bush ƙarami ya sa hannu kan wata dokar kare matsayin yara. Dokar na cire wa yaro, daga shekarunsa, lokacin da takardar ubansa ta yi a kan teburin ma'aikata ana dubawa. Sai dai ba ta cire shekarun da aka yi a layin rabon ƙasashe ba, alhali nan ne Indiyawa ke tsufa. A watan Fabrairun 2023 hukumar shige da fice ta sassauta yadda ake wannan lissafi, wasu yara suka tsira, amma a watan Agustan 2025 aka koma kan tsattsauran lissafi.

A 2012 shugaba Obama ya fito da shirin DACA domin kare yaran da aka shigo da su ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Ɗaya daga cikin sharuɗɗansa shi ne yaro ya kasance ba shi da halastacciyar takarda a lokacin. Ke nan waɗanda iyayensu suka bi doka sau da ƙafa, su shirin bai shafe su ba. A 2021 ƴan majalisa daga jam'iyyun biyu, cikinsu har da Deborah Ross a majalisar wakilai da Alex Padilla da Rand Paul a ta dattawa, suka gabatar da ƙudurin da zai ba irin waɗannan yara hanyar zama. An sake gabatar da shi a 2023, nan ma majalisar ta tashi bai zama doka ba.

Ingila, Kanada da Dubai

Kowace ƙasa da nata ma'auni. A Ingila, tun 1 ga Janairun 2024, ɗalibin waje ba ya zuwa da mata da ƴaƴa sai mai karatun bincike irin na dokta ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. A watan Maris na shekarar aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya zuwa da iyali, aikin da Indiyawa da yawa suka shiga. Akwai bizar ɗalibi ta yara masu shekara 4 zuwa 17, amma ta makarantun kuɗi ce kawai. In yaron bai kai 12 ba, uwa ko uba ɗaya zai iya rako shi, da sharaɗin ba zai yi aiki ba.

A Kanada iyakar shekara 22 ce, kuma akan tsayar da ƙirgan shekarun yaro tun ranar da cikakkiyar takardar iyaye ta shiga hannun hukuma, don haka jira ba ya cinye shi kamar a Amurka.

A Dubai da sauran masarautun Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Indiyawa suka haura miliyon 3, ma'aikaci ba ya kawo iyali sai albashinsa ya kai dirhami 4,000 a wata, ko 3,000 tare da gidan kwana. Tun 2022 ɗa namiji yana zama a kan takardar ubansa har shekara 25, ɗiya kuwa har ta yi aure. Akwai makarantun Indiya masu bin tsarin karatun gida, don yaro ya iya komawa ya ɗora. Sai dai haihuwa a can ba ta sa yaro ya zama ɗan ƙasa. Ranar da aikin uba ya ƙare, takardar gidan duka ta kama hanyar ƙarewa.

Yadda iyaye ke yi

Tun ran gini ran zane. Iyayen da suka farga ba sa jiran shekara 21. Wasu suna sauya wa yaro takarda zuwa ta ɗalibi tun yana tsakiyar jami'a, don kada ranar ta riske shi takardu na kan hanya. Wasu sun kwashe iyali sun koma Kanada. Wasu suna maida yaro Indiya ya yi jami'a wurin kakanni. Masu hannu da shuni kuma suna bin hanyar zuba jari, wadda tun 2022 mafi ƙarancinta dalar Amurka 800,000 ne. Mai albashi, ko da injiniya ne, ba kowa ke da wannan ba.

Mu ma muna da ƴan uwa a ƙasashen waje masu tunanin ɗauko yara su yi karatu kusa da su. Kafin a sayar da fili ko a taɓa jarin rumfa domin kuɗin jirgi, akwai tambayoyi uku da ya kamata a samu amsarsu a rubuce daga ofishin jakadancin ƙasar, ba daga bakin dillali ba. Takardar yaron tasa ce, ko a jikin ta uba take? A shekara nawa take mutuwa? In ta mutu, ko aikin uba ya tsaya, da wace takarda zai ƙarasa karatunsa, kuma nawa ne kuɗinta? A kuma tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a takardar haihuwa, a fasfo da a takardun lakwal, domin da wannan ranar ce za a yi masa lissafi a can.